Amsa: Me ya sa suke kashe kuɗi haka wajen gyaran haikali?

Malam, ka ce kana mamakin yadda ƙauye a Indiya ga talauci amma su zuba kuɗi a gyaran tsohon haikalin Hindu. To ai wajensu ba ɗakin bauta ba ne kawai, nan ake ɗaura aure, nan ake raba abinci kyauta, nan dattawa ke zaman sulhu, kuma da yawa suna da tafki a gefe mai tara ruwan sama.

Duba garin Uthiramerur a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, a bangon haikalin Vaikunta Perumal akwai rubutu tun wajen shekarar 920, zamanin sarakunan Chola, da ya bayyana yadda ake zaɓen 'yan majalisar gari a wancan lokacin, a rubuta sunaye a ganyen giginya a zuba a tukunya, ƙaramin yaro ya sa hannu ya zaro.

A al'adar kudancin Indiya duk shekara 12 ake gyara haikali a sake tsarkake shi. Inda nake ganin ana tafka ɓarna shi ne kwangila ta faɗa hannun wanda bai san aikin ba, ya yaɓe tsohon dutse da siminti ko ya fesa masa yashi da inji wai wankewa, rubutun ya goge gaba ɗaya.