Sun Ba Ni Labarin Ƙasa: In Karɓa Ko In Jira Baɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 19. Na rubuta JAMB ina neman karatun akanta, sai sunana ya fito a sashen Labarin Ƙasa. Baffana ya ce ɓata shekara huɗu ne, wai daga haddace sunayen koguna sai riƙe alli. Mahaifiyata kuma ta ce kada in yar da abin hannu. In karɓa ko in jira baɗi?
Daga wani matashi a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaida Baffa, ka ce masa wanda ya amsa maka ma Labarin Ƙasa ya karanta, kuma bai mutu da yunwa ba. Sai dai akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, zan zo kanta.

Haddar koguna ta ƙare tun sakandare. A jami'a karatun ya rabu biyu. Akwai ɓangaren halittar ƙasa: yanayi, ruwan sama, duwatsu, irin ƙasar noma. Akwai ɓangaren mutane: yawan jama'a, ƙaura, kasuwanni, yadda gari ke faɗaɗa. Tsakaninsu kuma ga zanen taswira da ƙididdiga. In tsoron lissafi ne da kai, gara ka sani tun yanzu, yana nan yana jiranka. Ni kaina sai da na maimaita kwas ɗin ƙididdiga a shekarata ta biyu, kuma laifina ne.

Abin da ya sa na so karatun ya faru ne a wani rami kusa da Kalambaina, a bayan garin Sakkwato, ranar da aka fitar da mu aikin fili. Rana ta take, ƙura ta yi mana hoda, kowa na neman inuwa. Malaminmu ya tsinci wani farin dutse, ya zuba masa ruwa daga gorarsa, ya goge da babban yatsa, ya miƙo mini. Sai ga siffar ƙwanson dabbar ruwa a jiki, da layukanta ɗaya bayan ɗaya kamar an zana da allura. Ya ce teku ne ya taɓa kwanciya a nan sama da shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma farar ƙasar da ake haƙa ana yin siminti ragowar halittun cikinsa ce. Sakkwato da muke kukan zafi da ƙishirwa! Dutsen yana kan teburina har yau.

Kai da ke garin nan, ajinka yana bakin ƙofa. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa gab da birni. Ruwan sama wajen milimita 600 zuwa 700 ne a shekara, kusan duk cikin wata huɗu yake zuba, shi ya sa rayuwar manomi ta rataya a kan fadama da madatsun ruwa irin na Goronyo da Bakolori. Ka tambayi yayyenka ambaliyar Satumbar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. Wane gari ne ke kan hanyar ruwa, ina ya kamata a hana gini, ruwa nawa ƙasa ke iya shanyewa kafin ya malala? Waɗannan su ne tambayoyin da za a koya maka amsawa da awo, ba da hasashen majalisa ba.

Kuma in Baffa na ganin ilimin baƙo ne, ka tuna masa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri ya yi bayanin ƙasashen Tukururu, wato wannan yanki namu na Afirka ta Yamma, da mutanensu, sannan da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma gida da taswirar da aka zana masa a fadar Bello, aka buga ta a Ingila.

Yanzu ga gaskiyar Baffa. Takardar digirin ita kaɗai ba ta da ƙofar aiki tata ta kanta kamar likita ko lauya. Ba za ta mai da kai safiyo ko mai tsara birane ba, waɗannan suna da nasu karatun da rajista, sai ka ƙara wani bayan digiri. Da yawa cikin 'yan ajinmu koyarwa suke yi, wasu suna jin daɗinta, wasu dole ce ta sa. Waɗanda suka yi nisa kuwa, kusan duk abu ɗaya ya raba su da sauran: sun iya haɗa taswira da bayanai a kwamfuta, abin da ake kira GIS, da karanta hotunan tauraron ɗan adam. Da wannan ake shiga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, da Hukumar Ƙidaya, da ma'aikatun filaye da muhalli. Hatta aikin rigakafin shan-inna a Arewa da irin taswirorin nan aka riƙa gano ƙauyuka da rugagen da ba a kai gare su ba.

Saboda haka shawarata ta fi karkata ga ta Inna: ka karɓa. JAMB ta baɗi ba ta yi wa kowa alkawari ba. Amma kada ka jira sai an koya maka komai a aji. Ka lallaɓa ka samu kwamfuta ko tsohuwa ce. Manhajar QGIS ta aikin GIS kyauta ce, haka Google Earth. Tun hutun farko ka zana taswirar Mabera, ka sa kowane lungu da ruwa ke kwanciya da damina, ka bi magudanun da ƙafa ka ga inda suka toshe. In lokacin koyon aiki ya zo, ka nemi ofishin da za a ba ka na'urar GPS ka fita fili, ko da ba a biya.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka haƙura ka jira: in har ka san ranka yana kan akanta, kuma ba ka jure rana. Aikin awo a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba kowa ke iya shi ba. In ka yi rajista ka sake rubuto mini, zan faɗa maka kwasa-kwasan da ba a wasa da su a aji ɗaya.