Ku Tambaya Mu Amsa: Zaɓen Kanada, Sikuta Da Masu Ƙwace WhatsApp

Jama'a salamu alaikum. Saƙonni sun taru da yawa wannan karon, guda uku na ɗauko, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, ƙanena yana karatu a Toronto, ya ce min wai su can ba a zaɓen shugaban ƙasa, kuma wai madugun adawa ya faɗi a mazaɓarsa amma yana nan a shugaban jam'iyya. Wane irin zaɓe ne wannan? Shi yaron zai iya jefa ƙuri'a? Daga mai sayar da gwari, kasuwar Mile 12.

Amsa: Alhaji ai gaskiya ya faɗa maka. Tsarin firaminista suke yi irin wanda mu ma muka yi zamanin Tafawa Ɓalewa, ba ka ganin sunan firaminista a takardar ƙuri'a sai in a mazaɓarsa kake, ɗan majalisar yankinku kawai za ka zaɓa. Kujeru 343 ne, a kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ke nan ya ci, babu zagaye na biyu babu maganar kashi 25 a jihohi irin tamu, kuma jam'iyyar da take son yin gaban kanta sai ta kama 172. Shugaban ƙasa a takarda Sarki Charles ne na Ingila, gwamna janar ke wakiltarsa, amma mulki na hannun firaminista.

Zaɓen 28 ga Afrilu 2025 ne ƙanenka yake nufi. Firaminista Trudeau na jam'iyyar Liberal ya sanar a Janairu zai sauka, lokacin kowa ya gama yanke wa jam'iyyar Liberal ƙauna, sai Trump ya matsa da maganar harajin kaya da cewa wai Kanada ta zama jihar Amurka ta 51, ran mutane ya ɓaci, sai ga Mark Carney wanda ya taɓa riƙe babban bankin Kanada da na Ingila kuma bai taɓa tsayawa takarar majalisa ba a rayuwarsa, ya gaji Trudeau a shugabancin Liberal ya juya abin. Liberal ta samu 169, Conservative 144, wato ya ci amma da saura uku ya kai rinjaye. Shi kuwa madugun adawar, Pierre Poilievre na Conservative, ya rasa kujerarsa ta Carleton bayan shekara ashirin yana majalisa, sai wani ɗan jam'iyyarsu a Alberta ya sauka ya bar masa, aka yi zaɓen cike gurbi a Agusta ya dawo. Shugabancin jam'iyya 'yan jam'iyya ke bayarwa, shi ya sa faɗuwar ba ta tsige shi ba.

Abin da ke ba mutanenmu mamaki, a 2019 da 2021 Conservative ce ta fi yawan ƙuri'u in aka tara na ƙasa baki ɗaya amma Liberal ta fi kujeru ta kafa gwamnati. Ni dai ban ga adalcin wannan sosai ba, su kansu suna ta gardama a kai. Amma akwai mazaɓar Terrebonne a Kebek da aka sake ƙirga aka tarar ƙuri'a ɗaya tak ce tsakani, maganar ta je kotu, ba wanda ya ƙona taya.

Ƙanenka ba zai yi zaɓe ba, sai ɗan ƙasa mai shekara 18, ko mai takardar zaman dindindin ba ya yi balle ɗalibi. Amma ya riƙa bin labarin, tun 2024 gwamnati ta sa iyaka ga yawan bizar ɗalibai.

Tambaya: Ɗana ya dame ni sai na saya masa sikutan nan mai caji da ake hawa a tsaye, wai ya fi okada sauƙin haɗari tunda ba ya gudu. Haka ne? Daga wata uwa, Agege.

Amsa: Hajiya rashin gudun nan shi ke ruɗin yara. Wani bincike da aka buga a 2019 ya duba mutum 249 da aka kai asibitoci biyu a Kalifoniya sanadin sikuta, kusan kashi 40 cikin ɗari a kai suka ji ciwo, kusan kashi 32 karaya, waɗanda suka sa hular kwano kuwa ba su kai kashi 5 ba. A birnin Austin na Texas kuma an ga kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka ji rauni a hawansu na farko ne. Yawanci ma ba mota ce ta buge su ba, faɗuwa ce kawai, don tayar ƙarama ce, ɗan rami ko bakin kwalbati ya tare ta sai mutum ya tafi da ka. Wannan fa a titunan Amurka, ki kwatanta da namu da damina ruwa ya rufe ramuka ga danfo na kutse. Birnin Faris ma sun hana sikutan haya a Satumba 2023 bayan an yi ƙuri'a.

In ya zama dole a saya, to hular kwano mai kyau kuma a ɗaure igiyarta a haɓa, ba goyo, ba hawan dare, kar ya kusanci babban titi, kuma cajin batirin kar a bar shi ya kwana a ɗakin da ake barci don suna kama wuta. In shawarata ce, keke mai manyan taya ya fi min.

Tambaya: Wani ya kira ni wai daga guruf ɗin masallacinmu, za a yi mitin ta waya in karanto masa lambar da ta shigo min. Ina faɗa WhatsApp ɗina ya fita, yanzu yana ta roƙon kuɗi da sunana. Yaya zan yi? Daga tela, Idi-Araba.

Amsa: Allah ya kiyaye gaba ɗan'uwa, wannan damfarar ta ci mutane da yawa, har da masu boko. Kod ɗin nan mai lamba shida shi ne mukullin, ɗan damfarar ne ya saka lambar wayarka a tasa wayar, WhatsApp ya turo maka saƙon tabbatarwa, kai kuma ka miƙa masa. Sunanka da sunan liman duk a guruf ɗin ya gani, don ya riga ya ƙwace na wani kafin kai.

Yanzu-yanzu ka sake buɗe WhatsApp ka sa lambarka, za su turo sabon kod, kana shigar da shi an kore shi daga tasa wayar. In ya riga ya saka fin na mataki biyu to sai ka jira kwana bakwai, amma shi ma yana waje. Kafin nan ka kira 'yan'uwa da kwastomominka baki da baki, ka sa a cire lambar daga guruf-guruf, wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa da shaidar tiransifa, da sauri ake iya riƙe kuɗin.

In ya dawo hannunka ka shiga saitin, wajen akawun, ka kunna tantancewa mai mataki biyu ka sa fin da ba shekarar haihuwarka ba ce, ka haɗa da imel. Ka leƙa wajen na'urorin da aka haɗa, duk wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. Facebook da imel ma kowanne da kalmar sirrinsa daban, don in ɗaya ce ko'ina to ɗaya na fita duk sun tafi. Sim ɗinka ma a sa masa fin, masu fizgen waya a go-sulo ba wayar ce kaɗai ta dame su ba, sim ɗin suke cirewa su danna lambobin banki. Kuma OTP, fin na ATM, lambobin bayan kati, babu ma'aikacin bankin da zai kira ka ya nema, ko da ya karanto maka BVN ɗinka daidai ka kashe wayar ka taka zuwa reshe da ƙafarka.