Wane Lokaci Ya Fi Dacewa da Fatsar Bonfish, Famit da Tarfon?

Tambaya: Ina shirin tafiya yankin Karibiyan domin yin fatsa a bakin teku inda ruwa ba shi da zurfi, kuma burina shi ne in kama kifayen teku da ake kira bonfish da famit da tarfon. Wasu sun ce in je a watan Janairu, wasu kuma sun ce sai Mayu. Wanne ne daidai?

Amsa: Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin kifayen nan uku ba su bin kalanda ɗaya. Wuraren da ake wannan fatsa, kamar tsibirin Andros a Bahamas, da tsibiran Kis na jihar Fulorida a Amurka, da gaɓar Beliz da ta Yukatan a Meziko, filaye ne na yashi da ciyawar teku waɗanda ruwansu kan tsaya a gwiwa ko ƙugu. Ruwa mara zurfi yana saurin ɗaukar sanyi, yana kuma saurin ɗaukar zafi, shi ya sa ɗumin ruwa ne ke yanke hukuncin ko kifi zai hau filin ko zai lafe a zurfi.

Bonfish shi ne mafi sauƙin samu, kuma a Beliz da Bahamas ana kama shi kusan duk shekara. Yakan biyo cikowar teku ya hau filin yana tonon jatan lande da ƙananan ƙaguwa a cikin yashi, har wutsiyarsa ta leƙo sama da ruwa. Sai dai idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da kusan digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, sai ya janye. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi kan sauko daga arewa ta dagula ruwa na kwana biyu ko uku, kuma mutumin da ya zo da hutun mako guda zai iya rasa rabinsa a zaune. A Janairun 2010 sanyin ya yi tsanani a Fulorida har kifaye masu yawan gaske suka mutu. Don haka masu ba ka shawarar Janairu ba su yi ƙarya ba, amma caca ce, kuma kana ƙara yin kudu haɗarin yana raguwa.

Tarfon ne ke sa mutane su ce Mayu. Manyansa suna ratsa tsibiran Kis cikin garke daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, bayan ruwa ya ɗumama zuwa wajen digiri 24, a kan hanyarsu ta zuwa zurfin teku domin yin ƙwai. Kifi ne mai ban mamaki: yana iya haɗiyar iska daga sama, don haka ake ganinsa yana juyi a fuskar ruwa da sassafe, kuma girmansa kan wuce kilo 45 ba tare da an yi mamaki ba. Wanda ya kafa tarihi, mai nauyin kusan kilo 130, an kama shi ne a Gini Bisau a 2003. Bakinsa yana da tauri kamar ƙashi, ƙugiya ba ta cika kafewa ba, sa'annan da zarar ya ji ta sai ya yi tsalle yana girgiza kai. Ƙwararru kan sunkuyar da sandar fatsa wajensa a daidai lokacin, don zaren ya yi sako-sako kada ya tsinke. Duk da haka waɗanda ke kuɓucewa sun fi waɗanda ake kawowa gefen jirgi yawa.

Famit kuwa shi ne mai wahalar da masunta, domin zai zo ya duba koton da aka ɗaura masa da siffar ƙaguwa, ya juya abinsa. A Fulorida an fi samunsa a fili a watan Maris, sa'annan daga Afrilu da yawa daga cikinsu su fita zuwa duwatsun murjani da ɓaraguzan jiragen da suka nutse domin hayayyafa, su komo a wajen Yuli. A Beliz da Meziko ya fi zama kusa a yawancin shekara.

Idan ka haɗa waɗannan, za ka ga cewa tsakanin Afrilu da Yuni ne kifayen uku suka fi haɗuwa, kafin damunar mahaukaciyar guguwa, wadda ke farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, ta kankama a Agusta da Satumba. A ganina Mayu a Beliz ko Yukatan ya fi dacewa da burinka. Amma kada ka ɗora wa tafiyarka ta farko nauyin kama dukkansu a yini ɗaya, abin da masu wannan wasa ke alfahari da shi. Ka ba bonfish kwanakin farko, domin a kansa ne ido ke koyon rarrabe inuwar kifi da ta ciyawa, kunne kuma ya saba da umarnin jagoran da ke tsaye a bayan jirgi yana tura shi da gora, yana nuna maka wajen kifi da lissafin fuskar agogo, inda ƙarfe goma sha biyu ke nufin gaban jirgi. Ka tanadi tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka kuma koyi jefa koto daidai a cikin iska kafin ka tashi.

Tambaya: Shin ana cin waɗannan kifaye?

Amsa: A mafi yawan wuraren da aka ambata doka ta ce a sake su. Beliz ta hana riƙe dukkan ukun tun 2009, Fulorida kuma ta mai da bonfish da tarfon na kamawa a saki a 2013, ta kuma hana fitar da tarfon da ya haura inci 40 daga ruwa. Sakin ma yana da ladabi: a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin, a cire ƙugiya yana cikin ruwa, a jira ya farfaɗo, domin kifin shak yakan bi bonfish da ya galabaita ya cinye shi cikin 'yan mintuna bayan an sake shi.