Kafin ku zauna a teburin Faransawa a Kobe

*Malam, ni ɗalibi ne a nan Kobe, ƙasar Japan. Amaryata ta iso wata biyu ke nan, har yanzu ba ta saki jiki ba. Ina so in kai ta gidan abincin Faransawa a unguwar Kitano, amma ina tsoron mu ci haram, kuma ina tsoron mu ji kunya da tarin cokulansu.*

Ɗana, Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Niyyarka mai kyau ce, kuma batun cokula kada ya hana ka barci. Fara da cokalin da ya fi nisa da faranti, duk farantin da aka kawo ka ɗauki na cikinsa. In wani ya faɗi ƙasa, bar shi, za a kawo maka sabo. Kowa na kan farantinsa, ba mai kallonku.

Abin lura yana cikin tukunya. Girkin Faransa da giya ake ƙulla shi: ja a romon nama, fara a miyar kifi. Abin da suke kira pate ko terin, galibi da naman alade ake haɗa shi. Kayan zaƙi masu santsi sukan zo da jelatin, shi ma sau da yawa daga alade, ɗan kek ɗin nan kanele kuma da barasa ake kwaɓa shi. Wasu masu girkin Japan su ƙara da giyar shinkafa ta gida da suke kira sake ko mirin. Kada kowa ya ce maka ai wuta ta ƙone giyar, domin dahuwa ba ta cinye ta duka.

Saboda haka a waya ake gama magana, kwana huɗu ko biyar kafin ranar. Ka ce musu ba ku cin butaniku, wato alade, ba ku son arukoru, wato barasa, ko a cikin miya, naman da ba yankan Musulmi ba ma a cire. Ku tsaya a kan kifi. Nan kuwa Allah ya yi muku gata, don kifin tai na mashigin Akashi da albasar tsibirin Awaji duk a maƙwabta suke, kuma mai girki na gari yana alfahari da su. In ya ce ba zai iya canza miyarsa ba, gaskiya ya gaya maka, ka yi godiya ka nemi wani.

Ku je da rana. Jerin abincin rana a ƙananan wurare yakan kama yen 3,000 zuwa 6,000 kan mutum ɗaya, na dare ya ninka haka sau biyu ko uku, alhali hannu ɗaya ne ya dafa. Ku fara yin azahar a masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, ya tsira daga bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Daga nan zuwa Kitano tafiyar ƙafa ce. Ina ganin wannan ma zai sanyaya mata rai kafin a kai ga abinci.

*Na kama tebur na mutum huɗu, wani uzuri ya taso ban je ba, sai ga shi sun cire kuɗin abincin gaba ɗaya daga katina. Wannan ba zalunci ba ne?*

Ba zalunci ba ne, ɗan'uwa. Gidan da kujerunsa ba su wuce goma sha biyu ba, ya sayi kifinku tun safe, ya mayar da wasu baƙi saboda ku, kai ko waya ba ka ɗaga ba. Sharaɗin yana rubuce a inda ka sa lambar katinka, ba ka karanta ba ne. Kuma irin wannan ne yake sa wasu gidajen su riƙa ɗari-ɗari da baƙi 'yan ƙasar waje, na bayanka su sha wahalar abin da ka shuka.

*Malam, ina zuwa sarin kayan gyaran mota. Ina so in karrama abokin cinikina Bajapane da naman Kobe a girkin Faransa. Na ga wani allo kusa da tashar Sannomiya an rubuta nama mai arha sosai. In kai shi can?*

Alhaji, kai da kake juya ƙarfe ka duba lamba kafin ka biya, yaya allo zai ruɗe ka? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan duk wanda ya zo garin nan da irin labarin yake komawa: ya ci naman Kobe, ya ɗauki hoto, ya tura gida. Ka tambaye shi wace shaida ya gani, sai shiru.

Naman Kobe suna ne mai sharaɗi. Dole saniyar ta kasance irin Tajima, an haife ta, an yi kiwonta, an yanka ta a lardin Hyogo, inda Kobe take, sannan naman ya kai mataki na 4 ko na 5 wajen inganci, kitsen ya ratsa tsoka yadda ake so. Shanun da ke cin wannan jarrabawa a shekara 'yan dubbai ne kawai. Kowace saniya a Japan tana da lamba mai alƙaluma 10, kuma ana iya bin diddiginta a intanet. Naman da ya cancanta ana buga masa hatimin furen nojigiku, gidajen da ƙungiyar masu naman ta amince da su kuma suna ajiye ɗan mutum-mutumin saniya na tagulla da takardar shaida. Ka tambaya a nuna maka. Gida na gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ka kuma karanta kalmomin da kyau. Wagyu yana nufin jinsin shanun Japan, ba lallai na Kobe ba. Kokusan-gyu kuwa naman cikin gida ne kawai, yana iya zama na bijimin shanun madara. Akwai masu sayar da na gaske da rangwame, amma ɗan yanki ne siriri daga sashen da ba shi da tsada. Mutum ya ga suna babba da kuɗi kaɗan ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali an auna masa daidai kuɗinsa ne, ko ƙasa da haka.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da ake zubarwa don hoto. Na zauna kusa da wani matashi namu da ya biya sama da yen 20,000 shi kaɗai, ya ɗauki farantin hoto ta kowace kusurwa, ya ci loma uku ya ture, wai kitse ya yi yawa. Ɗalibi sa'a 28 doka ta yarje masa ya yi aiki a mako, ana biyan sa'a yen dubu da ɗan wani abu. Ku lissafa kwana nawa ya tsaya wanke-wanke a kan loma ukun nan.

Sannan, Alhaji, ko na gaske ne, waye ya yanka? Akwai naman Kobe na halal, amma gidajen da ke da shi ƙalilan ne, sai ka tambayi mutanen masallaci. In ba ka samu ba, ka bar baƙonka ya ci namansa, kai ka ci kifi. Ba zai ga laifinka ba. Ka tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 10, da kuma ladan hidima da manyan gidaje ke ƙarawa, shi ma kashi 10 ko sama. Ka biya a wurin karɓar kuɗi ba tare da baƙon ya ga takardar ba, haka ake karrama mutum a nan.

*Zan iya zuwa da yajina a jaka? Kuma nawa ake ba da tukuici?*

Ki bar yajin a gida, Hajiya, miyar da aka kwana ana dafawa ba a barbaɗa mata komai. Tukuici kuwa ba a bayarwa a Japan. In kin ajiye kuɗi a tebur, biyo ki za su yi har bakin titi su mayar miki.