Stevia a Jos: za ta yi, amma kar ki fara da iri

Hajiya, kin ce kin shuka irin stevia, tsiron nan mai zaƙin ganye da ake amfani da shi a madadin suga, bai fito ba, kuma kina so Baba mai ciwon suga ya riƙa sha a shayi. To irinta dama haka yake, da ƙyar yake tsirowa, gara ki samu reshe ki dasa a bokiti mai huji a ƙasa. Asalinta daga Paraguay ne, tana son rana da danshi amma in ruwa ya kwanta saiwar ruɓewa take, balle ruwan Agustan Jos ɗin nan da ba ya ɗagawa. Ki riƙa tsinke kanta don ta yi rassa, kuma ki cire ganyen kafin fararen furanni su fito, lokacin ne zaƙin ya fi yawa.

Ki shanya, ki daka, ki tankaɗe. Ɗan kaɗan a bakin cokali ya isa kofin zoɓo ko koko, in kin cika sai ɗaci ya biyo baya. A cincin da kek kam ba ta maye gurbin suga sosai.

Maganar Baba kuma, stevia ba magani ba ce, kar ya ajiye ƙwayoyinsa, in yana shan na hawan jini ma a tambayi likitansa tukuna.