Fara da kunne kafin alƙalami

Malama, kin tambaya ta ina za ki fara koya wa ɗalibanki waƙar da ake furtawa a gaban jama'a ba kiɗa. Ni a ajina nan Daura da kunne nake farawa. Ki sa kowa ya nemo kirari ɗaya daga bakin kakarsa, ya zo ya faɗa da ƙarfi. A nan za su ji inda ake jan numfashi, inda murya ke hawa, da inda ake yin shiru.

Shirun nan shi ne mai wuya. Wata yarinya ta rubuta baitoci masu kyau a kan rijiyar Kusugu, amma ta zuba su kamar ana korar ta, kai a sunkuye. Na karɓi takardar, na ce ta tsaya bayan kowane ɗango ta ƙirga uku a zuci, ta dubi mutum ɗaya. Da ta maimaita, ajin ya yi tsit.

Amsa-amo kuwa kada ki matsa musu tun yanzu, zai zo daga baya. Minti biyu ya ishi kowane yaro. Ki naɗi muryarsu a waya su ji kansu.