Hukuncin ƙagaggen labarin da ya juya tarihi ya cakuɗa shi da almara

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta maka. Ni ɗaliba ce a Sakkwato. Wani ƙagaggen labari yana yawo a tsakaninmu, inda aka nuna Turawa ba su ci Sakkwato a 1903 ba, wai aljanu ne suka agaza wa Musulmi a Giginya, filin da aka gwabza yaƙin. Wasunmu suna yabawa, wasu suna cewa ƙarya ce da jayayya da ƙaddara. Mene ne hukuncin karanta shi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 'Yata, ƙarya ita ce faɗar abin da bai faru ba domin mai sauraro ya gaskata, shi kuwa labarin da marubuci da mai karatu suka san ƙage ne bai shiga wannan babi ba. Maƙamatul Hariri, wadda malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zauruka, labarai ne na mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Masu kafa hujja da hadisin Muslim cewa kalmar "da a ce" tana buɗe aikin Shaiɗan, su sani malamai sun ɗauki hanin a kan mai baƙin ciki da hukuncin Allah, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi amfani da ita a hajjin bankwana. Wanda ya karanta yana yaƙinin cewa Sakkwato ta faɗi, kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a shekarar 1903, bai yi jayayya da ƙaddara ba.

Inda nake tsayawa shi ne batun aljanun. Waɗanda suka tsaya a Giginya mutane ne na haƙiƙa, ga zuriyarsu nan muna sallah sahu ɗaya da su, kuma magada ne ga jihadin Shehu Usmanu na 1804, wanda ya yaƙi bori da tsafi. Idan labarin ya nuna suna yi wa iskoki yanka ko suna kiransu neman nasara, ya jingina musu shirka ke nan, kuma ƙazafi ga mamaci ba ya halatta don an kira shi almara. Wannan bai halatta a rubuta ko a yaɗa ba, balle sanya magana a bakin annabi ko sahabi. Idan kuwa masarauta da jarumanta duka ƙirƙira ne, kuma ba a ƙawata tsafi ba, ki karanta, muddin bai shagaltar da ke daga sallah da karatunki ba. Allah ne mafi sani.